Rumbun makin ƴaƴanmu, wa ke gadinsa?

Malamai da iyaye, sunaye da makin ƴaƴanmu suna ta barin takarda, suna komawa manyan kwamfutoci masu riƙe rumbun bayanai. Ban ƙi ba. Abin da na ƙi, a sayi injin, a yi biki, a watse, babu mai lura da lafiyarsa.

Wai manhajar sa ido tsada gare ta. Ina tsadar? Zabbix kyauta ce. Ana ɗora ƙaramar manhaja bisa kowane injin, tana kai rahoto wuri guda: ma'aji ya kusa cika, injin ya yi zafi, kwafin daren jiya bai samu ba. Cikin zafin Afrilu, ga kuran na ɗaukewa, wannan ba ado ba ne.

Ɗorawar ma ba wuya, aikin yana wajen saiti. In ma'aji ya kai kashi 80 cikin ɗari, wayar wa gargaɗin zai shiga? Ta ma'aikacin da aka canza wa gari tun bara? Ranar da makin ajina ya ɓace, ni iyaye za su tare a ƙofar lakkol, ba wanda ya sa hannu kan kwangilar ba.