FILIN MANOMA: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A wannan wata za mu yi magana ne a kan bawul, wato abin da muke kira balf a nan, mai ƙayyade ruwan da ke bi ta bututu zuwa gona.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba manoma da yawa da kayan aikinsu. Mai sake haɗa injin ban ruwa a bakin Farin Nilu, daga Kalakla zuwa Jabal Auliya, ba shi da kuɗin sayen abu sau biyu. Amma mun lura da yawanmu mukan ce wa mai kanti, “Ba mu babba.” To, a nan kuskuren yake.

Bawul in ya yi girma da yawa, sai an kusa rufe shi kafin ya rage ruwa. Ka murɗa kaɗan fadama ta cika, ka mayar kaɗan shuka ta yi ƙishi, yashi kuma yana ta cin bakinsa har ya soma yoyo. In kuwa ya yi ƙanƙanta, ya shaƙe ruwan, inji yana shan mai, ƙarshen gona a bushe.

Iyayenmu da suka yi noman auduga a Jazira, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, sun san wannan. Can bututu mai faɗin santimita 35 aka ƙayyade wa kowace Abu Ishirin, don ta shayar da faddan 90. Lissafi aka yi, ba kintace ba.

Mu ma mu auna. A samo barmil mai cin lita 200, a duba agogo. In inji ya cika shi a minti ɗaya, lita 12,000 ke nan a awa. Bawul mai inci 2 yana ɗaukar wajen lita 10,000 a awa ba wahala, mai inci 3 kuwa wajen 24,000. Kada a manta, in faɗi ya ninka biyu, ƙofar ruwa ninki huɗu take yi. Mai kyau shi ne wanda ke ba da ruwan da ake bukata yana buɗe wajen rabi ko fiye kaɗan.

Saboda haka a tafi kasuwa da lissafi a aljihu. Allah ya ba mu albarkar noma. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.