Zauren Iyali: Yaron da Ya Ce Ba Ya Shan Miyar Ganye

A wannan fitowa za mu taɓo wata matsala da ake yi wa kallon ƙarama, alhali da wuya a sami gidan da ba ta leƙa ba, tun daga Nima da Maamobi har zuwa Sabon Zango da Madina. Ita ce ta yaron da za a ajiye masa tuwon zafi, ya tsince nama, ya side jar miyar da ke gefe, sannan ya ture ayoyo kamar an zuba masa magani. Uwa ta yi lallashi, ta yi tsawa, daga bisani ta gaji ta miƙa masa kuɗi ya je bakin hanya ya sayo Indomie.

Lamarin ya wuce shagwaɓa. Babban binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Gana a shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na yara masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. An samu sauƙi a kan kashi 66 na shekarar 2014, amma har yanzu magana ce ta kusan yaro ɗaya cikin kowane biyu. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ciwon sikila duk suna da hannu a ciki, sai dai abin da ke shiga bakin yaro kullum yana da nasa babban kaso, kuma shi ne ɓangaren da ke hannun iyaye kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce ɗan shekara 2 zuwa 5 yana bukatar aƙalla giram 250 na ganyaye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 kuwa giram 400 kamar babba. Duk wanda ya auna wannan da 'yan silallan kabejin da mai waakye ke yayyafawa a kan shinkafa, ya san da sauran tafiya.

Abin da ya kamata mu fara fahimta shi ne ƙyamar ganye ɗabi'a ce da ake haihuwar yara da tushenta. Jariri yana zuwa duniya da son zaƙi da gudun ɗaci, kuma harshen yaro ya fi na babba jin ɗacin da ke cikin gauta ko zogale. Tsakanin shekara biyu da shida kuma sai tsoron baƙon abinci ya ƙara masa ƙarfi. Saboda haka yaron da ya yamutsa fuska bai raina girkin mahaifiyarsa ba. Harshensa ne bai saba ba tukuna, shi kuwa harshe ɗalibi ne, ana koya masa kamar yadda ake biya wa yaro allo. Masu bincike a kan cimar yara sun daɗe da gano cewa sau da yawa sai an gabatar wa yaro abinci sau takwas, sau goma, wani lokaci fiye, kafin ya karɓe shi. Mu kuwa a karo na biyu ko na uku muke yanke hukunci mu ce, "Ai shi ba ya cin wannan." Mafi muni ma a gabansa muke faɗa, ya ji, ya riƙe, ya mai da shi tambarinsa.

Karatun nan na harshe yana farawa tun kafin yaro ya yi haƙori. A wani bincike da Julie Mennella da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2001, an sa wasu mata shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki, wasu kuma a farkon shayarwa. Da aka zo ba jariransu abinci mai ɗanɗanon karas, sai aka ga ba su yamutsa fuska kamar sauran jarirai ba. Ke nan miyar kuka da yakuwar da mai jego ke sha suna isa ga ɗanta ta hanyar nono. Idan ya cika wata shida aka fara ba shi abinci, kada a tsare shi a kan koko da sukari har ya shekara. A dama masa kabewa, a murje masa kontomire ko alefu da ɗan kifi da manja, tun bai koyi cewa a'a ba.

A ganina, abin da ya fi yi mana illa a zangunanmu shi ne watsewar akushi. A da yara sukan kewaye kwano ɗaya, ƙarami yana kallon hannun yayansa, kuma wanda ya tsaya zaɓe sai ya tashi da yunwa. Yau uwa ta fita kasuwa tun asuba, uba yana tasha ko shago, kowane yaro an damƙa masa kuɗin abincinsa. Ba zargi nake yi ba, neman halal ne ya kawo haka, kuma wanda ke zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya ya san wahalar hura wuta sau uku a yini. Amma yaron da aka ba zaɓi tsakanin miyar kuɓewa da soyayyen abu mai zaƙi, an san inda zai nufa. Ko da sau ɗaya ne a yini, a ce bayan magariba, a zauna a ci tare. Iyaye maza kuma su lura: maigidan da ke ture gauta gefen kwano ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya raka Manzon Allah (SAW) cin abinci wurin wani maɗinki, ya gan shi yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa, tun daga ranar Anas bai daina son kabewa ba. Babu wanda ya umarce shi. Gani kawai ya yi.

Duka da ɗure ba sa haifar da ɗa mai ido. Yaron da aka matse wa hanci aka zuba masa ayoyo zai haɗa ƙamshinta da kuka har ya girma. Haka ma cinikin nan na "cinye ganyenka in saya maka alewa", domin yana karantar da shi cewa ganye horo ne, alewa ce lada. Abin da ya fi shi ne a zuba masa kaɗan, cokali ɗaya ko biyu, kusa da abin da ya riga ya saba da shi, a ƙyale shi. In ya bari a ɗauke ba tare da surutu ba, jibi a sake kawowa. A hana shi biskit da lemon kwalba gab da lokacin cin abinci, don cikakken ciki ba ya gwada baƙon abu. Wani yaron kuma yauƙi ne ba ya so, ba ganyen ba, to shi sai a bi da shi ta kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko dambu, ko faten wake da alefu. A tafi da shi kasuwar Nima ranar Laraba ya zaɓi daminsa da hannunsa, a dawo a sa shi tsinke ganyen. Abin da yaro ya sa hannu a ciki yakan so ya ɗanɗana.

Wajen girki, kada a bar ganye a wuta har ya yi baƙi, kuma kada a riƙa zubar da ruwan dahuwarsa in ba dole ba. Ɗan manja ko man gyaɗa yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin bitamin A, lemon zaƙi ko tumatir tare da abinci yana taimakawa wajen ɗaukar sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana rage shi, don haka a raba lokacinsu. Latas da kabeji da ake ci ɗanye suna bukatar wanki sosai da ruwa mai tsabta, saboda wasu lambunan cikin Accra da ruwan kwata ake ba su.

In kuwa aka ga tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa sun yi fari, ko yana yawan kasala, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo, to maganar ta fi ƙarfin dabarar madafa. A kai shi Babban Asibitin Maamobi ko asibitin da ya fi kusa a duba jininsa, kada a sayi maganin ƙarin jini a kemis a fara ba shi kafin a san musabbabin.