Kafin Ka Dasa Rogo, Haƙa Rami

Akwai wata magana da ta daɗe tana jawo wa mutane asara: wai rogo ba ya zaɓen ƙasa. Da ita ake sayar wa ma'aikatan Abuja gonaki a Nasarawa, su zuba kuɗin sallamarsu, bayan wata 12 su tono saiwoyi sirara kamar yatsu.

Gaskiya ne rogo yana da juriya. Yana rayuwa a ƙasa mai tsami wadda masara za ta ƙi, yana haƙuri da fari, kuma Najeriya ta zarce kowace ƙasa noma shi. Sai dai rayuwa daban, ba da amfani daban. Dawa da masara a sama suke ajiye arzikinsu, amma rogo da doya da dankali a ƙarƙashi suke ɓoye nasu. Saboda haka wanda ya dubi baƙin ƙasar sama ya gamsu, bai ga gonar ba tukuna.

A ganina, gwajin farko ba na ɗakin bincike ba ne, na shebur ne. A haƙa rami mai zurfin kusan mita 1 a wurare uku ko huɗu. In aka ci karo da marmara tun ba a yi nisa ba, nan saiwa za ta tsaya ta lanƙwashe. In laka ce mai launin toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ruwa yana kwana a wurin da damina, kuma rogo ruɓewa yake yi cikin ruwa. Irin wannan fili na gwaza ne. A jiƙa ƙasar a dunƙula a tafin hannu: wadda ta haɗu, ta kuma marmashe da an taɓa ta, ita ake nema.

Doya ta fi tsada, ta kuma fi tsirfa. Manyan tulin ƙasar da manoman Binuwai ke tarawa ba ado ba ne, zurfi ne suke ƙirƙira mata da fartanya.

Bayan ramin ne gwajin sinadarai ke da amfani, musamman na fotashiyam, wanda waɗannan saiwoyi ke kwashewa da yawa a kowace girba. Ƙarancinsa buhun taki yana maganinsa. Marmara kuwa babu takin da ke narkar da ita, kuma dillalin gona ba zai haƙa maka ramin ba.