Malamin Kurame Da Makafi: Takardar Shaida Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Aikin malami a makarantar kurame da makafi, irin ta Tudun Maliki da ke Kano, ba ɗaya yake da na sauran malamai ba. Makaho ba ya ganin allo, amma yana jin ɗacin da ke muryar malaminsa tun kafin ya rufe baki. Kurma kuwa fuska yake karantawa, domin a maganar hannu yanayin fuska ɓangare ne na maganar kanta. Malamin da ya shigo aji ya murtuke fuska, ya riga ya gaya wa yaran cewa sun zame masa kaya.

A shekarar 1995 wani Ba'amurke mai suna Daniel Goleman ya fitar da littafi a kan cewa sanin halin zuciya da iya sarrafa ta na da babban tasiri wajen nasarar mutum a aikinsa. Turawa suka yi ta yayata shi kamar sabon abu, alhali tuntuni Alƙur'ani, a Suratu Ali Imrana, ya yabi masu haɗiye fushi da yafe wa mutane.

A irin wannan aji ne ake gane mai wannan hali. Shi ne zai maimaita harafi guda sau goma ba tare da tsaki ba. Shi ne zai bambance yaron da ya yi shiru don yunwa da wanda ya yi shiru don an yi masa dariya. Wanda bai mallaki zuciyarsa ba, ko da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, bulala zai ɗauka. Yaron ya tsani makaranta, ƙarshenta a same shi bakin masallacin Juma'a da ƙoƙon bara. Wa ya yi asara in ba al'umma ba?

Abin kunya ne a ce tun 1953 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, Musulmi kuwa suka ɗauka jefa sadaka ya wadatar. Alhali Manzon Allah (S) ya sanya Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zama ladani, har yakan bar masa limancin Madina idan ya fita yaƙi.

Hukumomi ma da nasu laifin. An sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a 2019, to amma doka a takarda ba ta sanyaya zuciyar malamin da aka cika wa aji aka bar shi da albashin da bai kai ƙarshen wata. Zalunci ne a matse mutum sannan a ce ya yi murmushi.

Don haka ya kamata 'yan uwa matasa su koyi maganar hannu da rubutun makafi, su nemi wannan aiki da niyyar ibada, su fara da horar da zukatansu. Wanda ya kasa haƙuri da ƙaramin yaro kurma, ina zai iya ɗaukar wahalar gwagwarmaya?

Allah Ya ba da ikon gyarawa. Wassalam.