Sanarwar Bayan Taro kan Haƙƙin Waɗanda Hatsarin Mota ya Rutsa da Su

Ƙungiyarmu ta 'yan asalin gundumar Tebaram ta yi zama a Tebaram, tare da dattawa, malamai, direbobin tasha da 'yan kabu-kabu, kan halin da iyalai ke shiga bayan hatsari a hanyar Tawa zuwa Filinge, wadda ta ratsa garinmu.

Abin da ya fi ɗaukar lokacin mahalarta shi ne yafiyar gaggawa. Mota ta kaɗe magidanci, an kwashe shi zuwa babbar likitar Tawa, ƙafa a ɗaure, jini bai bushe a riga ba, sai ga mai mota da dattawa sun zo jaje da 'yan kuɗin magani. Wani daga cikin dangi ya ce ƙaddara ce, an yafe. Ba a kira jandarma ba, ba a rubuta komi ba. Bayan wata shida an sayar da awaki da sauran hatsin rumbu, mutum bai koma gona ba. Taron ya yarda cewa haƙuri da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana karɓar haƙƙi ba. Malamanmu sun tunatar cewa diyyar kisan kuskure tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma babu kawu ko baffan da ke da ikon yafe rabon maraya.

Dokar ƙasa ma tana gefen wanda aka ji wa rauni. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, dokarta ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya wajabta inshora a kan duk abin hawa mai inji, har da babur. Sashe na 228 ya ce fasinja ko mai tafiya a ƙasa ana biyan shi ko da yana da nasa sakaci, sai in da gangan ya jefa kansa. Idan motar tana da inshora, kuɗin daga kamfani yake fitowa, saboda haka mai jin nauyin maƙwabcinsa direba ya kwantar da hankalinsa. Ana lissafin diyya bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma sefa 42,000 a 2024. A ganinmu awon ya yi kaɗan ga ran ɗan Adam, sai dai ya fi komawa gida hannu biyu. Sashe na 256 kuma ya ba da shekara 5 daga ranar hatsari. In ta wuce, ƙara ta mutu.

Don haka taron ya yanke cewa duk hatsarin da aka ji rauni ko aka rasa rai, a kira jandarma su rubuta takardar bincike kafin a zauna sulhu. A karɓi takardar likita tun ranar farko, a adana kowane rasit na magani, ko na allura ɗaya ne. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ko Tamashek ba.

Ga 'yan uwanmu direbobi da 'yan kabu-kabu: mai tuƙi babu inshora, ranar tsautsayi gonarsa da motarsa ne za su biya. Lodin ranar kasuwa, mutane bisa buhuna bisa rufi, muna roƙo a daina.

Muna kira ga jandarmomi su aika takardun bincike ga kamfanoni cikin wata 3 da doka ta tanada, kamfanoni kuma su bar ja wa marasa lafiya rai. Ƙungiya ta ware mutum biyu da za su raka iyalai zuwa kotun Tawa da ofisoshin inshora, kyauta, kuma za a karanta wannan sanarwa a masallatan Juma'a na gundumar.

Kwamitin gudanarwa