Ummi ba za ta je Sabon Birni bana ba, kuma ba rashin son gida ba ne

Zaren nan yana da ɗan tsayi, ku yi haƙuri. Na san wasu 'yan garinmu za su ji haushina, amma gara mu yi maganar.

Jiya da dare a hostel na ga bidiyon wata mata a Kanada tana shirin kai ɗanta mai shekara uku hutu kan dutse, wurin da ake zamiya a dusar ƙanƙara. Riga kan riga har uku, hular kwano 'yar ƙarama, safar hannu biyu don ko ɗaya ta jiƙe. Ta duba hasashen yanayi, ta duba asibiti mafi kusa da ɗakin katakon da suka kama. Na yi dariya na ce wahalar da kai. Can kuma dariyar ta tsaya, don mu ma a gidanmu sati biyu ke nan ana shirin tafiyar hunturu da yarinya mai shekara uku, kuma namu lissafin ya fi nata nauyi.

Yarinyar ɗiyar yayata ce. A Sakkwato aka haife ta, sunan Inna aka sa mata shi ya sa muke ce mata Ummi. Ba ta taɓa taka Sabon Birni ba. Inna sau biyu ta gan ta, ranar suna da lokacin da ta zo ganin likita. Sauran duk a waya ne, in an dace da sabis.

Bana Inna ta kafe. Ta ce wa Yaya: "Ku kawo man kishiyata in gane ta tun ina da sauran gani. Ɗiyan da ag garin ga ba mutane ba ne?" Yaya ta kashe waya ta yi ta kuka.

Ra'ayina, kuma na faɗa a gida kafin in faɗa a nan: kada a kai ta. A ɗauko Inna ta zo ta yi mana wata guda.

Bari in fara da mai sauƙin, wato sanyi. Duk wanda ya tashi a bakin gulbin Rima ya san asubar Disamba da Janairu. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito, ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku. Wannan yana da magani: rigar sanyi, hula, safa, man kaɗanya ko basilin, wanka sai rana ta ɗaga. A duba katin rigakafi kafin a tashi, musamman na ƙyanda, kuma a tuna lokacin sanƙarau daga yanzu yake farawa har zuwa bazara. Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki an rufe ƙofa da taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai yake yi ya zarce. Tsofaffinmu suna son wannan kaskon ƙwarai, sai an yi da gaske.

Da sanyi ne kaɗai, wallahi ni zan goya ta har ƙofar gida.

Hanya ce matsalar. Daga Sakkwato ka bi Achida, ka wuce Goronyo, ka nufi Sabon Birni. Tafiyar da ba ta fi awa uku ba, amma daga Goronyo zuwa gaba kowa a mota shiru yake yi, har mai surutun nan da ya dame ku tun daga tasha. 'Yan Isa kuma ba sai na ba ku labarin dajin Gundumi ba, kun fi ni sani.

Ranar 6 ga Disamba 2021, a daidai irin wannan lokaci, aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, sama da mutum 20 suka rasu. A Yulin 2024 aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, a Agusta aka ji rasuwarsa a hannunsu. Allah Ya jiƙansu. Hanyar da ba ta bar basarake ba, ban ga dalilin da za mu ce ta san Ummi ba.

Na san abin da za a ce min. Kullum motoci suna zuwa suna dawowa lafiya. Gaskiya ne, ni ma na je da ƙaramar Sallah na dawo. Amma ni namiji ne mai shekara ashirin da 'yan kai. In an ce a sauka a gudu, zan gudu. In an ce a kwanta a yi shiru, zan yi shiru. Yarinya mai shekara uku ba ta gudu, ba ta kuma san shiru ba. In ta tsorata kuka za ta yi, a lokacin da kukan zai iya tona mutum goma. Uwarta kuma ba za ta taɓa ajiye ta ta tsira ita kaɗai ba. Ka ga a kujera ɗaya an saka rai biyu.

Za a kuma ce ai Inna ma wannan hanyar za ta biyo. Haka ne, kuma wannan ya hana ni barci. Bambancin, Inna babba ce, ta san abin da ke hanyar, ita za ta ce eh ko a'a. Ummi ba wanda ya tambaye ta. Sannan mutum ɗaya a mota da hantsi, bayan an ji labarin hanya daga direbobin da suka fara isowa, ya fi mutum huɗu da jaka da kuka.

Maganar Inna ta "ɗiyan da ag garin ga" ita ce ta fi ci min rai, don ba ni da amsa mai daɗi. Mutane ne mana. Akwai dubban yara sa'o'in Ummi a Sabon Birni da Isa da Gatawa da Kurawa, wasu ma suna can ƙetare wajen Gidan Runji a jihar Maraɗi, gudun hijira ya kai su. Ba su fi ta arha ba. Amma su ba zaɓa suka yi ba. Ƙara yarinya ɗaya a kan hanyar ba zai rage musu komai ba, sai dai mu ce mun nuna ba ma tsoro. Nuna wa wa?

Nan ne nake da magana da mu matasa, musamman maza. Mu daina yi wa matan da suka ƙi kai yara gida gori. "Ta zama 'yar birni." "Ta raina asalinta." Mai rubuta wannan a group ɗin dangi galibi yana Abuja ko Kano, shi ma rabonsa da gida shekara biyu. In tawakkali ne, wanda ya koya mana shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Amma akwai asara, ba zan ɓoye ba. Ni a wannan lokacin na shekara na koyi gari. Jin ɗumi a bakin wuta da asuba, kunu mai zafi, dankali gasasshe daga fadama, tsofaffi suna labarin Bawa Jan Gwarzo da yadda Alkalawa ta faɗi a 1808, kufanta ga shi nan kusa da mu. Ummi ta iya waƙoƙin katun na waya, amma ran nan ta ga hoton Inna ta tambayi wa ya ji mata ciwo a kumatu. Tsagar Gobirawa ce fa. Na yi dariya, daga baya na fita waje.

Shi ya sa nake son Inna ta zo ta daɗe, ba ta kwana biyu ba. Ta zo da bakinta na Gobiranci da tatsuniyoyinta da faɗanta. Na riga na ce zan bar mata katifata, in nemo wanda zai rako ta, kuɗin mota mu haɗa ni da mijin Yaya.

Da safen nan na kira ta, sai a karo na huɗu ya shiga. Na yi bayani tun daga farko, ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce: "To awakina fa, wa ka ba su dussa?" Na ce za a samu. Ta ce sai ta yi shawara, sannan sabis ya ɗauke.