WA YA BIYA KUƊIN GANGAR?

Ya ku 'yan'uwa manoma da makiyaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Akwai wata ƙasa a Kudancin Amurka ana ce da ita Cile. Arzikinta tagulla ne, kamar yadda namu yake man fetur, amma manyan ramukan haƙarta suna hannun kamfanonin Amurka a wancan zamani. Mutanenta sun saba jefa ƙuri'a, suna zaton su ke naɗa mai mulkinsu. A zaɓen 1964, hukumar leƙen asirin Amurka, wato CIA, ta zuba dala miliyan 2.6 a yaƙin neman zaɓen Eduardo Frei, fiye da rabin abin da ya kashe, don kawai kada Salvador Allende ya ci. Talakan da ya ji tallan rediyo, ya ga takardu manne a bango, bai san daga ƙetare aka biya ba. Wannan ba ƙage ba ne. Kwamitin majalisar dattawan Amurka da kanta, a ƙarƙashin Sanata Frank Church, shi ya tona asirin a 1975.

A 1970 Allende ya ci zaɓe duk da haka. Ya sa ana ba kowane yaro rabin lita na madara kullum. A 1971 majalisa ta mayar da tagulla hannun ƙasa, babu ɗan majalisa ko ɗaya da ya ƙi. Shi ke nan, laifinsa ke nan! Daga 1970 zuwa 1973 Amurka ta kashe dala miliyan 8 a ɓoye. Jaridar El Mercurio kaɗai ta samu fiye da miliyan ɗaya da rabi don ta riƙa zuga mutane. Jam'iyyun adawa suka samu nasu, ƙungiyoyin manyan 'yan kasuwa ma haka. A Oktoba 1972 masu manyan motoci suka ajiye aiki, kaya suka yi wuya a kasuwa.

Ni da na riƙe alli a aji, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na makaranta. Tun 1956 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Jami'ar Katolika ta Santiyago da Jami'ar Chicago, da kuɗin taimako na gwamnatin Amurka. Aka yi ta ɗibar samari masu ƙwaƙwalwa ana koya musu cewa gwamnati ta sayar da kayan jama'a, ta cire hannu daga farashi. Shekara goma sha bakwai ana kiwonsu, ba wanda ya ji ƙarar bindiga. Ran 11 ga Satumba 1973 jiragen soja suka yi wa fadar shugaban ƙasa ruwan bama-bamai, Allende ya mutu a ciki, Janar Pinochet ya hau. Su wa aka miƙa wa tattalin arzikin ƙasa daga baya? Waɗannan ɗaliban ne. Pinochet bai sauka ba sai 1990, bayan an kashe ko an ɓatar da mutum fiye da 3,000.

Kada wani ya ce muku Amurka kaɗai ke wannan sana'a. Tarayyar Sobiyet ma ta riƙa ba 'yan kwaminis na Cile kuɗi. Kuma baƙo bai taɓa cin gari shi kaɗai ba, da ɗan gari a kan ci gari.

To, ga abin da ya shafe ku. Sashe na 225 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana kowace jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje, dole ta miƙa su ga hukumar zaɓe cikin kwana 21. Doka ce, amma doka ba ta da ƙafa, sai kun ɗauke ta. Duk ɗan takarar da ya shigo ƙauyenku da jerin motoci da buhunan shinkafa, har da namu, ku tsayar da shi a gaban mai gari. Ku tambaye shi: wa ya sayi motocin nan? Wa ya biya gidan rediyo? Ƙungiyar da ke raka shi da sunan taimako, daga ina kuɗinta yake fitowa, kuma me aka yi wa mai kuɗin alkawari? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya soma kame-kame, ku riƙe sunansa har ranar zaɓe.